Me Ke Cikin Hayaƙi da Yake Tayar da Iri Daga Barci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin aikin gona ne a wata makarantar sakandare. Na ji an ce a wasu ƙasashe har turara iri ake yi da hayaƙi, ko a jiƙa shi a ruwan hayaƙi, don ya tsiro. Wane sinadari ne a cikin hayaƙin yake wannan aiki? Kuma in gaskiya ne, ashe ƙona daji da muke hana mutane yana da amfani ke nan? Ɗalibaina sun tsare ni da tambaya, na rasa ta cewa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, ba almara ba. Sai dai tun da fari ka cire wa ɗalibanka abu biyu daga kai: hayaƙin ba taki ba ne, kuma ba zafinsa ne yake aikin ba. Ko an sanyaya shi, ko an bi da shi ta cikin ruwa an ajiye ruwan a kwalba wata da watanni, yana nan da ƙarfinsa. Abin da hayaƙi yake kai wa iri labari ne. Yana gaya masa cewa wuta ta wuce ta sama, fili ya samu. Babban ɗan aiken da ke ɗauke da wannan labari wani ɗan ƙaramin sinadari ne da ake kira karikin, ko da yake ba shi kaɗai ba ne, kamar yadda za ka gani.

Sai ka fara sanin inda abin ya samo asali, don ba a dajinmu aka gano shi ba. Akwai wurare uku da suka yi suna da wannan hali: dajin ƙananan itatuwa na yankin Cape a Afirka ta Kudu, wanda suke kira fainbos, da kudu maso yammacin Ostireliya, da tsaunukan Kalifoniya a Amurka. Duka ukun ruwansu a lokacin sanyi yake sauka, bazararsu busasshiya ce, kuma wuta takan cinye dajin bayan shekaru, ba duk shekara ba kamar yadda muka saba gani a nan. Tsakanin wuta da wuta dajin yakan cushe, inuwa ta rufe ƙasa, busassun ganye su yi tuli. Irin da ya yi gangancin tsirowa a wannan hali ba zai kai labari ba. Don haka ƙwayoyin iri suke kwanciya a cikin ƙasa, da ransu, ruwa ya sauka ya wuce, damina ta zo ta tafi, su ko motsi. Wannan shi muke kira barcin iri. Ranar da wuta ta share wurin, ga rana ta sauko har ƙasa, ga toka, ga babu abokin takara, to wanda ya riga tsirowa shi ne da gari. Matsalar ita ce iri yana binne, ba shi da ido. Ta yaya zai san an yi gobara?

An daɗe ana cewa zafi ne, kuma ga wasu tsirrai haka ne. Amma a 1977 wani mai bincike a Amurka, Wicklow, ya lura cewa irin wata fulawa ta Kalifoniya, Emmenanthe penduliflora, yana tsirowa idan an sa masa ƙonannen itace, alhali zafi kaɗai bai tayar da shi ba. Maganar ba ta yi nisa ba sai a 1990, lokacin da De Lange da Boucher a Afirka ta Kudu suka nuna cewa hayaƙi zalla yana tsirar da irin Audouinia capitata, wani ɗan itace na yankin Cape da ya yi ƙaranci kuma ya gagari masu reno. Daga nan sai kowa ya ɗauko ganga ya hura wuta. Kingsley Dixon da abokan aikinsa a lambun Kings Park da ke birnin Perth suka gwada a kan tsirran Ostireliya, suka wallafa sakamako a 1995, tsirran da aka yi shekaru ana fama da su a gidajen reno suka dinga fitowa. Zuwa yanzu an lissafa fiye da nau'i 1,200 na tsirrai da hayaƙi yake taimaka wa irinsu.

Nan ne aikin masu ilimin sinadarai ya fara, kuma aiki ne na neman allura cikin ruwa. Hayaƙin ciyawa da itace yana ɗauke da dubban sinadarai daban-daban, wanda ake nema kuma ɗan mitsitsi ne a cikinsu. Ba za ka iya cewa na'ura ta nuna maka shi ba, tunda ba ka san kamanninsa ba. Dole sai iri ne zai yi maka ɗan jagora. Abin da suka yi amfani da shi irin latas ne, wani nau'i mai suna Grand Rapids, wanda yake da wani hali: in ka jiƙa shi ka ajiye a duhu, kaɗan ne zai tsiro, sai ya ga haske. Amma in ka ɗiga masa ruwan hayaƙi, zai tsiro ko a cikin duhun. To sai a ɗauki ruwan hayaƙi a rarraba shi kashi-kashi gwargwadon halin sinadaran da ke ciki, kowane kashi a zuba a ɗan faranti mai takardar tacewa da ƙwayoyin latas, a rufe a duhu, bayan kwana biyu a zo a ƙirga waɗanda suka fitar da farar saiwa. Kashin da ya yi aiki a sake rarraba shi, a sake ƙirge. Haka aka yi ta yi fiye da shekara goma. Duk wanda ya taɓa zama da ɗan hantsaki yana ƙirgar irin latas a faranti hamsin ya san cewa ciwon wuya ne da ciwon ido, ba wani abin burgewa.

Dabarar da ta rage musu wahala tana da daɗin faɗa a aji. An lura cewa ba sai ganyen daji ba, ko farar takardar tacewa ka ƙona, hayaƙinta yana tayar da iri. Takardar kuwa kusan zallar selulos ce, wato sinadarin da ya gina jikin kara da auduga, wanda ba komai ba ne illa ƙwayoyin sukari da aka jera kamar carbi. Wannan ya nuna abu biyu. Na farko, sinadarin ba daga wata bishiya ta musamman yake fitowa ba, duk abin da ya tsiro in ya ƙone zai ba da shi. Na biyu, tunda selulos ba shi da komai sai kabon da haidurojin da oksijin, akwai yiwuwar abin da ake nema shi ma daga waɗannan ukun aka gina shi. Kuma hayaƙin takarda bai kai na ganye tarkace ba, ya fi sauƙin tacewa.

A 2004 Gavin Flematti, tare da Ghisalberti da Dixon da Trengove, suka bayyana shi a mujallar Science. Ba su tsaya ga cewa sun gano shi ba, sai da suka haɗa shi da hannunsu a ɗakin gwaji, suka nuna cewa na haɗin yana aiki daidai da na hayaƙi, wanda shi ne hujjar da ake yarda da ita a wannan fanni. A cikin shekarar dai ƙungiyar Johannes van Staden a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu ita ma ta kai ga wannan sinadari. Daga baya aka raɗa wa danginsa suna karikin, daga kalmar karrik, wadda take nufin hayaƙi a harshen Noongar, mutanen asali na yankin Perth. An san guda shida a hayaƙi, ana kiransu KAR1 zuwa KAR6, na farkon shi ne ya fi yawa kuma ya fi ƙarfi ga yawancin tsirran da ke bin bayan wuta.

Ga siffarsa, yadda za ka iya zana wa yara a allo. Ƙwayar KAR1 tana da kabon 8, haidurojin 6, oksijin 3. Nauyinta 150 a ma'aunin da ake auna ƙwayoyin sinadari, ka ga ba ta kai ko gulukos ba, mai 180. Zana zobe mai kusurwa shida, biyar kabon ɗaya oksijin. Manna masa wani zobe mai kusurwa biyar, huɗu kabon ɗaya oksijin, su yi tarayya a gefe ɗaya kamar ɗakuna biyu masu katanga guda. A jikin ƙaramin zoben rataya oksijin ɗaya da igiya biyu, kusa da shi kuma ɗan reshe na kabon ɗaya mai haidurojin uku, wanda ake kira metil. Shi ke nan. Ƙwayar a shimfiɗe take kamar faifai. Ƙaramin zoben nan sunansa butenolaid, ka riƙe shi da kyau, zai dawo mana a gonar dawa. Sauran 'yan'uwan biyar bambancinsu kawai yawan reshen metil da inda ya zauna. KAR2, misali, ba shi da reshen ko ɗaya. Babban zoben kuma bincike ya nuna daga zoben sukarin da aka ƙona yake fitowa. Wato wuta ba ta ƙirƙiro sabon abu daga sama ba, ta ƙwace wa sukari ruwan jikinsa ne ta murɗa abin da ya rage.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba: duk da cewa da sunan hayaƙi ya shahara, yawancin karikin ba ya tashi sama ya tafi. Yana zama a ƙonannun tarkace da saman ƙasa a inda wutar ta ci. Sai ruwan farko ya sauka ya narkar da shi, ya gangara da shi cikin ƙasa inda iri yake. Wannan tsari ya yi wa iri daidai, domin labarin wuta da ruwan sha tare suke iso masa. Hasken rana mai ƙarfi yana lalata wanda ya tsaya a fili.

Ƙarfinsa kuwa shi ne abin mamaki. Yana aiki a ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan. In kana son ɗalibai su gane, ka ce musu giram ɗaya a cikin lita miliyan ɗaya na ruwa, wato kimanin tankar mai talatin masu cin lita 33,000. Abin da yake aiki a wannan ƙanƙanta ba abinci ba ne. Babu cikin da zai ƙoshi da shi. Sai dai ya zama akwai wani abu a jikin iri da aka tanada musamman don jin sa.

Kafin mu shiga cikin irin, bari in cika alkawarin cewa karikin ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata fulawa mai ja da kore da ake kira dagin kangaru, Anigozanthos manglesii, ita ce ma tambarin jihar Yammacin Ostireliya. Hayaƙi yana tayar da irinta sarai, amma da aka ba ta KAR1 zalla ko gezau. Ruwa ba ya tsami banza, sai Flematti da abokansa suka koma farauta, a 2011 suka fito da amsa: wani sinadari ne mai suna gilisaronaitiril, wanda in ya haɗu da ruwa yake sakin sayanaid a hankali. E, sayanaid ɗin da ka sani, guba. Dangin wannan sinadari ba baƙi ba ne a wurinmu. Su ne dalilin da ya sa ake jiƙa rogo mai ɗaci a shanya kafin a ci, su ne kuma suke kashe dabba in ta faɗa wa gyauron dawa ɗanye. Abin da in ya yi yawa yake toshe numfashin halitta, ɗan kaɗan ɗinsa yana karya barcin iri. A Kalifoniya kuma Keeley da Fotheringham sun nuna a 1997 cewa iskar naitirojin dayoksaid, wadda wuta take fitarwa, tana tsirar da irin Emmenanthe ɗin nan. An yi ta jayayya a kan ko ita ce ainihin sirrin hayaƙi, amma hayaƙin takarda, wadda babu naitirojin a jikinta, ya nuna ba za ta zama ita kaɗai ba. Sannan akwai wata tabar daji ta hamadar yammacin Amurka, Nicotiana attenuata, wadda masu bincike a Jena ta Jamus suka gano cewa sirinjaldihaid take saurare, shi kuma daga lignin yake fitowa, wato abin da ke sa itace tauri, ba daga sukari ba. Ka ga ke nan hayaƙi ba da murya ɗaya yake magana ba, kowane tsiro da wadda yake ji.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a cikinsu shi ne mai hanawa. A 2010 ƙungiyar van Staden ta fitar da wani butenolaid daga hayaƙi, mai reshen metil uku, wanda aikinsa kishiyar na karikin ne: danne tsirowa yake yi. Shi ne ɗaya daga dalilan da suka sa ruwan hayaƙi mai kauri yake hana iri fita, sai an sirka shi da ruwa sosai. Fassarar da masu binciken suka yi ita ce, in yayyafi kaɗan aka yi bayan gobara, mai hanawa yana nan da yawa, iri ya ci gaba da kwanciya. Sai an yi ruwa mai yawa ya wanke shi ya rage, sannan muryar karikin ta fito, tunda shi ko ɗan kaɗan ya rage ya isa. Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san asarar da ake yi in an yi shuka da ruwan yaudara sannan sama ta ɗauke. To waɗannan tsirrai suna da nasu ma'aunin ruwan shuka.

Yanzu cikin irin. An gano yadda abin yake ne da wata 'yar ciyawa da masana ke reno a ɗakin gwaji, Arabidopsis. David Nelson da abokansa suka nuna a 2009 cewa ita ma tana jin karikin, daga nan aka shiga neman lalatattun 'ya'yanta waɗanda ba sa ji, don a ga wane gado ne ya ɓaci a jikinsu. Furotin uku suka fito. Na farko KAI2, shi ne kunnen, yana da ɗan rami a jikinsa inda saƙon yake shiga. Na biyu SMAX1, shi ne mai gadin da ya tare ƙofa, muddin yana nan umarnin tsirowa ba ya fita. Na uku MAX2, aikinsa ya liƙa wa furotin alamar a kai shi bola. Idan KAI2 ya ji saƙo, sai ya canza siffa, ya haɗa kai da MAX2, su kama mai gadin su sa masa alama, injin niƙa na cikin ƙwayar halitta ya markaɗe shi. Da ƙofa ta buɗe sai iri ya ƙara haɗa jibarelin, sinadarin da ke ba shi umarnin fasa kwanso, ya kuma ƙara jin haske. Ko bayan ya tsiro tasirin yana nan: ɗan tsiron yakan fito gajere mai faɗin ganyen fari, ba dogo siriri irin na inuwa ba, wanda shi ne ya dace da fili mai rana.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Arabidopsis ba ciyawar bayan gobara ba ce. Latas ma haka. Kuma da aka bincika, sai aka tarar kusan duk tsirran da ke doron ƙasa suna da KAI2, har da gansakuka. Me tsiron da bai taɓa jiran wuta ba yake yi da kunnen jin hayaƙi? Abin da masana suka tsaya a kai shi ne, tsiro yana haɗa wani sinadari nasa na cikin gida wanda KAI2 yake saurare tun asali, karikin kuma ya yi kama da shi ne kawai, kamar makullin wani gida da ya dace da kwaɗon maƙwabci. Hujjar ita ce tsiron da aka lalata wa KAI2 yana nuna nakasa ko da babu hayaƙi ko kusa: irinsa ya yi nauyin barci, ganyensa ya canza, shinkafa ma ta kasa ƙulla zumunci da naman gwarin ƙasa da ke taimaka wa saiwarta. Ana nan ana farautar wannan sinadari na cikin gida. Tsirran dajin wuta ba sabon kunne suka yi ba, tsohon da kowa yake da shi suka wasa.

To ga inda maganar ta shigo gonarmu. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ita ma irinta barci yake yi a ƙasa, fiye da shekara goma yana iya jira, kuma gindi ɗaya yana zubar da dubun dubatar ƙwayoyi masu kama da ƙura. Ƙwayar ba ta da guzuri. In ta tsiro ba ta kama saiwar dawa ko gero ko masara cikin 'yan kwanaki ba, ta mutu. Don haka ba ta motsi sai ta ji ƙanshin mai gida. Ƙanshin nan sinadarai ne da saiwa take fitarwa, ana kiransu istirigolakton, na farkonsu an ciro shi a 1966 daga saiwar auduga. Shuka ba don wuta-wuta take fitar da su ba, tana kiran naman gwarin da ke kawo mata fosfaras ne, shi ya sa in ƙasa ta gaji shuka take ƙara yawan kiran, ɓarauniya kuma ta ƙara ji. Wannan yana cikin dalilan da suka sa wuta-wuta ta fi addabar gonar da ta rasa taki. In ka zana istirigolakton a allo, a ƙarshensa za ka ga ƙaramin zoben nan mai kusurwa biyar da reshen metil, butenolaid, irin na karikin. A 2015 ƙungiyoyin bincike da dama suka nuna cewa kunnen da wuta-wuta take jin dawa da shi ba wani ba ne illa KAI2. Ta ninka gadonsa ya zama da yawa, ta sauya ramin wasu daga ciki, suka daina sauraren abin da sauran tsirrai ke saurare suka koma jin saiwar mai gida. Kunne ɗaya ne, wani ya juya shi ga wuta, wata ta juya shi ga dawa. Suna ma ya zo daidai, ko da yake mu don ƙonewar da take yi wa shuka muka sa mata shi.

Kada ɗalibi ya yi saurin cewa to a turara gona wuta-wuta ta tsiro ta mutu. Kunnen nata ya riga ya bar jin karikin. Amma tunanin kansa daidai ne, kuma ana aiki da shi. Shuka auduga ko waken suya a gonar da ta kamu yana yaudarar irin ya tsiro ya rasa mai goya shi. A jihohin Carolina na Amurka, inda wata wuta-wutar ta ɓulla a shekarun 1950, iskar etilin suka dinga cusa wa ƙasa don wannan manufa. A 2018 kuma masana a Jami'ar Nagoya ta Japan suka haɗa wani sinadari, SPL7, wanda yake tayar da irin wuta-wuta a ƙanƙantar da ta fi ta karikin nesa ba kusa ba.

Sai tambayarka ta biyu. A'a, Malam, wannan ilimi bai wanke ƙona daji ba, ku ci gaba da hanawa. Koren da makiyayi yake gani bayan an ƙona fadama ko daji da kaka, yawancinsa toho ne daga gindin ciyawa mai rai irin su gamba, ba sabon iri ne ya tsiro ba. Dajin Cape da na Perth yakan samu shekaru masu yawa yana hutawa tsakanin wuta da wuta, tsirrai su girma su zuba iri su cika rumbun ƙasa. Ko a can, in wuta ta yawaita kafin su kai ga yin iri, ƙarewa suke yi, domin kowace gobara tana tayar da abin da ke ajiye ne, ba ta ƙara ko ƙwaya. Mu kuwa duk shekara ne, sau da yawa a tsakiyar rani lokacin da wuta ta fi zafi, wani lokaci don gafiya ɗaya. Naitirojin da ke cikin ciyawa da karan gona yana bin hayaƙi ya tafi, iskar hunturu ta kwashe tokar, ƙananan itatuwa masu tasowa su ƙone, ƙasa ta zauna tsirara har ruwan farko ya zo ya zaizaye ta. Ƙari a kan haka, ciyayin gona da yawa suna jin karikin. A Ostireliya an gwada shi a fili a kan ciyayi irin su Brassica tournefortii, giram 2 zuwa 20 a hekta ya tayar da su. Mai ƙona gonarsa yana iya zama ciyawa yake yi wa kiran sallah.

Itatuwanmu da ake wahalar tsirarwa a gidan reno kuma, irin su bagaruwa, gawo, kuka da ɗorawa, matsalarsu daban ce. Ɓawonsu ne ya yi tauri, ruwa ba ya shiga. Saƙon da ke tafiya cikin ruwa ba zai isa ɗakin da ruwa bai shiga ba. Maganinsu a jiƙa a ruwan zafi, ko a kankare gefen ɓawon da wuƙa ko a goga a dutse, ko kuma su bi ta cikin akuya kamar yadda gawo ya saba.

Gero, dawa da masara kuwa, dubban shekaru manoma suna zaɓen wanda yake fita da an shuka, har barcin ya kusa ƙarewa a jikinsu, don haka babu wani abu mai yawa da hayaƙi zai tayar. Akwai dai gwaje-gwaje, yawancinsu daga Afirka ta Kudu, da suka nuna ruwan hayaƙi sirkakke yana ƙara wa tsiron tumatir, kuɓewa, wake da masara ƙarfin saiwa da saurin tashi. A can ma wani mai bincike, Albert Modi, ya duba al'adar rataye masarar iri a saman murhu, irin wadda iyayenmu suke yi, ya samu irin da ya sha hayaƙi ya fi kuzari. Ni dai a ganina babban amfanin ratayar shi ne bushewa da korar ƙwari, karikin ƙari ne. Kuma sakamakon tukunya da faranti ya fi na gona yawa, saboda haka ba zan ce wa manomi ya dogara da shi ba.

Amma a matsayin darasi, da wuya ka samu wanda ya fi shi araha. Nemi ƙaramar ganga mai murfi, ka huda ƙasanta don iska, ka sa bututun ƙarfe a sama, ka ɗaura masa tiyo a can nesa da zafi, bakin tiyon ya nutse cikin jarka mai ruwa. Zuba busasshiyar ciyawa da ɗan ɗanyen ganye don wutar ta ci a hankali tana hayaƙi, ba ta tashi da harshe ba. Leda, roba, taya ko katako mai fenti kada su kusanci wurin. A waje za a yi, yara su tsaya ta inda iska take fitowa. Sai an tura hayaƙin da mafitar maƙera ko famfon keke kafin ya ratsa ruwan. In hakan ya yi wuya, ka ƙona ciyawar rabi da rabi ka jiƙa baƙin tarkacen a ruwa ka tace, shi ma yana ɗauke da sinadarin. Bayan kamar awa ɗaya ruwan zai yi kalar shayi, yana warin ƙauri. Jera faranti biyar da takarda mai tsotse ruwa, kowanne ƙwayar iri hamsin. Na farko ruwa zalla, na biyu ruwan hayaƙi yadda yake, sauran ukun a sirka: ɗaya cikin goma, ɗaya cikin ɗari, ɗaya cikin dubu. Kowane mataki a yi shi sau uku, don faranti ɗaya ba ya zama shaida. Irin latas na kasuwa ba lallai ya nuna bambanci ba, tunda yawancinsa yana fita ko a duhu, kuma zafi yana hana shi, sai a lokacin sanyi. Ya fi kyau yara su tattaro irin ciyayin daji da na bakin gona iri-iri da kaka, kowanne a rubuta sunansa na Hausa da inda aka samo shi, a gwada su gefe da gefe da tumatir da kuɓewa. Farantin ruwan hayaƙi mai kauri kusan kullum shi zai zo na baya, kada su ɗauka gwajin ne ya lalace. Su riƙa ƙirgawa kowace safiya har mako biyu, duk ƙwayar da ta fitar da saiwa a cire ta a rubuta.